Kwanukan Yaya

Ranar da aka sallami Mma daga asibiti, cikin Yunin 2019, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, wata nas dattijuwa ta ja ni gefe ta ce, "In akwai wanda ya kamata ya zo ya gan ta, ku kira shi yanzu." Ban tambaye ta me take nufi ba. Duk wanda ya taɓa jinya ya san fassarar wannan magana. Hawan jini ya kayar da Mma sau biyu, na biyun ya shanye mata ɓarin dama, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Muka ɗauko tasi zuwa Nima, unguwarmu a Akra, samari huɗu suka shigar da ita a kan kujera, don lungunmu ko amalanke da ƙyar take ratsa shi.

Akwai kuwa wadda ya kamata ta zo. Yayata ce, uwa ɗaya uba kowa da nasa, kuma rabonta da Mma shekara 33.

Kada mai karatu ya zaci tana Hambug ko Niyok, inda 'ya'yan Zango da yawa suka tare. Tana nan Ashaiman, kusa da Tema. Babbar hanyar da Nkrumah ya buɗe a 1965 tsakanin Akra da Tema kilomita 19 ce kacal. In ba cunkoso, kafin kunun da ka sayo ya huce ka isa. A wannan 'yar tazarar aka haifi jikoki biyar, aka yi suna, aka yi aure, aka yi mutuwa, Mma ba ta taka ba, Yaya ba ta tako ba.

Bahaushen Kano ko Maradi zai ce gaba tsakanin uwa da 'ya ai ko'ina akwai ta, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Haka ne. Amma mu a Zango muna da wani miki namu na daban, kuma sai an san shi za a gane gidaje irin namu.

Nima unguwar baƙi ce tun tushenta. A 1931 Alhaji Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami filin daga hannun dangin Odoi Kwao, mutanen Ga, ya mai da shi masaukin dabbobi da na mutane. Bayan yaƙin duniya na biyu tsoffin sojoji suka cika wurin, sai Hausawa, Zabarmawa, Yarabawa, Mosawa, Kotokoli, Wangarawa, Dagombawa, kowa da yarensa a ɗaki, a tsakar gida kuwa Hausa ta haɗa su. Nan aka haifi Mma. Lissafin shekarunta daga girgizar ƙasar Akra ta 1939 take farawa, ta ce ita ta zo duniya shekara biyar bayanta. Ubanta Bakatsine, uwarta Badagomba daga Yendi. Aka aurar da ita ga wani Bakano mai fataucin goro, ta haifi Yaya a 1963.

Sai ga 18 ga Nuwamban 1969. Gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta ba da umarni: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya samo ta cikin mako biyu, ko ya bar Gana. Wace takarda? Mutanen da kakanninsu suka riƙa sauke jaki da kanwa a Salaga tun kafin Bature ya ja iyaka, wa ya taɓa ce musu su nemi takarda? Dattijan Nima har yau in suna ba da labarin makon nan sai muryarsu ta yi ƙasa. An sayar da gidaje a kuɗin akuya. An bar tukwane a kan murhu. Manyan motoci suka yi layi a bakin titi, an lafta musu katifu da akwatuna da yara.

Mijin Mma ya ce a tafi. Mma ta ce ba za ta bar uwarta ba, wadda a lokacin ido ya tafi, ba mai ba ta ruwa sai ita. Ya sake ta a tsaye, ya ce amma 'yarsa ƙafarsa ƙafarta. Ba wanda ya ga laifinsa, ɗa ai na uba ne. Mma da hannunta ta ɗaga yarinya 'yar shekara shida ta miƙa ta cikin mota, ta juya, ta shige lungu. Ba ta waiwaya ba.

Wannan rashin waiwayen shi ne abin da Yaya ta riƙe shekara hamsin.

A Agege ta tashi, cikin Hausawan goro na Legas, a hannun matar uba. Ba zan tona abin da ta gani a can ba, ita ke da labarinta. Ya isa in ce ba a sa ta boko ba, kuma tallan da ta yi ya cinye mata gashin tsakiyar kai. Uban ya rasu tana budurwa. Da gwamnatin Shehu Shagari ta ba da nata umarnin korar baƙi a ranar 17 ga Janairun 1983, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka kama hanya, sai aka ce mata, "Ga mutanenku can suna tafiya." A Gana an ce ubanta baƙo ne, a Najeriya an ce ita baƙuwa ce. Ta cusa tsummokaranta cikin jakar ledar nan mai zane ja da shuɗi, wadda tun daga lokacin ake kira Gana-mas-go, ta bi jirgin ruwa zuwa Tema. Aka zube su a filin baje koli na La, daga can ta yi tambaya har ta gano ƙofar gidanmu.

Ina da shekara goma a lokacin, kuma ina tsakar gida. Shekarar yunwa ce, fari da gobarar daji sun cinye gonaki, ƙashin wuyan mutane ya fito har ana kiransa sarƙar Rawlings, mai mulki a lokacin. Wata doguwar budurwa ta yi sallama da Hausa mai tsabta irin ta rediyo, mai raba "ya" da "ta", ba irin tamu ta Zango da kowa "shi" ne ba, mace da namiji. Mma tana tankaɗe. Ta ɗago, ta dube ta, ta sunkuyar da kai, ta ce da ni, "Ba shi ruwa." Ke nan. Ba runguma, ba kuka.

Sai da na girma na gane abin da ya faru a wannan minti. Yaya 'yar fari ce. A tarbiyyar da Mma ta samu daga dangin ubanta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma abin yabo ne. Da a gida Yaya ta tashi, da kakanni da gwaggwanni sun cike mata wannan giɓi, da ta san cewa kau da kan nan shi kansa so ne. Amma ita ba ta da kowa da zai fassara mata. Abin da ta gani kawai shi ne: matar da ta juya mata baya a 1969 ta sake sunkuyar da kai a 1983. Ni ina ganin al'adar kunyar ɗan fari an gina ta ne don gida mai cike da dangi. In aka ɗauke dangin aka bar kunyar ita kaɗai, cuta take zama.

Shekara uku suka yi a ɗaki ɗaya kamar masu haya. Sai maganar aure ta taso. Wani Alhaji mai shanu ya nemi Yaya ta uku, Mma ta amsa, don a ganinta mai shanu ba ya kwana da yunwa. Yaya kuwa ta riga ta ga wani direban babbar mota a tashar jiragen ruwa ta Tema, Bafante, wanda ya musulunta. Mma ta ce musuluncin neman aure ne. (Mutumin nan ya rasu a 2011, liman na unguwarsu ya ce shekara ashirin bai rasa sahun farko na asuba ba sai in yana kan hanya. Allah ya jiƙansa, ya fi da yawanmu da aka yi wa huɗuba a kunne.) Daren da abin ya fashe, a 1986, magana biyu aka yi. Mma ta ce, "In kika bi shi, ba ni ba ke, ko gawata ban yarda ki gani ba." Yaya ta ce, "Ai tun ina shekara shida kika sa ni a mota." Kawunmu ne ya tsaya mata waliyyi, aka ɗaura a Ashaiman.

Ba wai ba a yi ƙoƙarin sulhu ba. Zango ba ta rasa masu shiga tsakani. Akwai limamin unguwa, akwai sarkin ƙabila da fadawansa, akwai magajiya mai jagorancin mata, akwai kawu. Tsarin kuma sananne ne: a ɗauko 'yar, a haɗa ta da dattijai da ƙullin goro, ta durƙusa, ta kama ƙafar uwa, dattijai su ce a dubi girman Allah. Sau uku aka shirya haka. Sau biyu Mma ta bar gidan tun da asuba. Na ukun Yaya ce ta ce za ta durƙusa, amma da sharaɗi a bar ta ta yi tambaya ɗaya. Dattijai suka ce ba a yi wa uwa sharaɗi. Aka watse. Shekarar da Mma za ta Makka, ta bi gida-gida tana neman gafara kamar yadda maniyyata ke yi, har da matar da suka yi shekara suna rigima a kan layin famfo. Ashaiman ce kawai ba ta je ba.

A nan nake da magana da malamanmu, cikin ladabi. Tun muna makarantar allo muke jin haƙƙin uwa: yadda aka ambace ta sau uku kafin uba, yadda Alƙur'ani ya hana ko da tsaki ga iyaye. Muna jin labarin Alƙama, wanda aka ce kalmar shahada ta ƙi fita bakinsa sai da uwarsa ta yafe masa, labarin da malaman hadisi da yawa suka ce bai inganta ba amma ba wa'azin mata da ba a kawo shi. Duk 'yar Zango tana tsoron bakin uwa fiye da tsoron ɗan sanda. Abin da ba mu cika ji ba shi ne ɗaya ɓarin: cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana iyaye yi wa 'ya'yansu mummunar addu'a, kuma hanin ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku bai ware uwa ba. Mun tanadi kalmomi da zama da goro don 'ya ta nemi gafara. Ba mu tanadi ko tabarma ɗaya da uwa za ta zauna ta ce "na yi kuskure" ba tare da girmanta ya zube ba. To ta ina za ta fara?

Ni ma ina da nawa laifin, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. A ƙarƙashin gadon Mma akwai kwali uku na kwanukan tangaran da na silba, irin waɗanda uwa ke tara wa 'yarta na jere. Tun Yaya tana Agege Mma ke sayensu ɗaya-ɗaya da ribar waken da take sayarwa, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dawa, wanda duk Gana ta karɓa da sunansa na Hausa. Da aurena ya zo, sabbi ta saya mini, waɗancan ba ta taɓa su ba. Duk shekara kafin azumi takan fito da su, ta goge, ta mayar. Na san na wane ne. Ina zuwa Ashaiman a ɓoye, ina cin tuwon Yaya, ban taɓa gaya mata ba. Na ce wa kaina ba na son shiga tsakani. Gaskiyar ita ce zama 'ya mace tilo a wurin Mma ya yi mini daɗi.

Daren da muka dawo daga asibiti na kira ta. Ban yi wa'azi ba, an yi mata wa'azi ya ishe ta. Na ce, "Yaya, Mma ba ta iya juyawa da kanta, ni kuma bayana ya gaji." Sannan na gaya mata zancen kwanukan. Ta yi shiru har na zaci kuɗin wayar ne ya ƙare. Can ta ce, "Me take iya ci?"

Da hantsi ta iso, ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, titi ya cushe da buhunan albasa da masara. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta yi sallama, ta tsuguna daga nesa. Mace mai shekara 56, da furfura a goshi. Mma ta dube ta da idon da ke buɗuwa sosai, ta mai da fuska bango. Yaya ba ta ce komai ba. Ta tashi ta ɗauki bokiti ta fita da zannuwan da suka ɓaci.

Wanda bai yi jinyar mai shanyewar jiki a ɗaki ɗaya na gidan haya ba, bai san aikin ba. Ana juya mara lafiya duk bayan awa biyu don kada baya ya yi gyambo. Ana ɗaga kai sosai kafin a ba da ko cokali ɗaya, don in ya sarƙe ya shiga huhu wata cutar ce. Ga wanki, ga ruwan da sai an saya a jarka, ga famfas na manya da katin inshorar lafiya bai san da shi ba. Yaya ta karɓe duk wannan kamar dama aikinta ne. Ranar farko ta kawo koko a cokali, Mma ta datse leɓe. Ta miƙo mini kofin ba tare da ta ɓata rai ba. Rana ta biyu haka. Rana ta uku ina wajen wanka, na dawo na tarar kofin ya yi rabi, Yaya tana goge mata haɓa da gefen mayafi, dukansu biyu suna kallon wani wuri daban.

Daga nan sai man kaɗanya. Kullum bayan la'asar takan ɗora ƙafafun Mma a cinyarta ta murza, daga diddige zuwa gwiwa. Ta tsefe mata kai, ta yi mata kitso guda huɗu. Ba sa hira. Wani lokaci Yaya takan yi ta magana ita kaɗai, farashin tumatir, jikanta da ya ƙi makaranta, kamar mai yi wa bango labari. Nas ɗin ta gaya mana cewa ko mara lafiya ya daina amsawa, kunne yakan daɗe yana ji, don haka mu kula da abin da muke faɗa a kansa.

A kwana na goma kawu ya kawo liman da dattijai biyu. Aka yi yadda aka saba. Yaya ta durƙusa ta kama ƙafar Mma, ƙafar da ta kwana bakwai tana shafa wa mai, ta ce, "Mma, ki yafe mini." Liman ya sunkuya ya maimaita mata. Mma ta ce, da harshenta mai nauyi, "Na yafe. Duniya da lahira." Mata suka fashe da kuka a tsakar gida, aka shafa fatiha, aka raba goro, maza suka tafi suna cewa alhamdu lillahi an gama. Na dubi fuskar Yaya. Fuskar wadda ta biya bashi ce, ba ta wadda aka biya ba.

Sauran ya zo ne da dare, kwana huɗu bayan haka, ba liman ba goro. An ɗauke wuta, ruwa yana dukan kwano, ina kwance a ƙasa ban yi barci ba. Sai na ji Mma ta kira suna. Sunan yanka na Yaya, wanda tunda nake ban taɓa ji daga bakinta ba, kullum "yarinyar nan" ne ko "ta Ashaiman". Yaya ta ce, "Na'am, Mma." Aka daɗe. Sannan Mma ta ce, kalma-kalma, "Motar nan. In na duba... ba ni bari." Ta sake cewa, "Ba ni bari."

Ba ta ce "ki yafe mini" ba. Har ta koma ga Allah ba ta faɗa ba. Yaya ma ba ta yi tambayar da ta shekara da shekaru tana tanadi ba. Abin da na ji kawai shi ne ƙarar gado, ta hau ta kwanta a bayan Mma, ta ce, "Ya wuce. Yi barci."

Kwana 19 suka samu. Mma ta cika da asubar wata Litinin, kanta a hannun Yaya, ni ina tofa mata Yasin. Da mata masu wanka suka zo, wata tsohuwa da ba ta mantuwa ta tuna da rantsuwar 1986, ta ce anya. Aka aika wa liman, ya ce wadda ta yafe duniya da lahira ta janye maganarta, a bar 'yarta ta shiga. Ita ta zuba ruwan. Kafin azahar maza sun dawo daga maƙabarta.

Aka kafa rumfuna aka tare lungu, aka yi addu'ar uku, ta bakwai, ta arba'in, yadda muke yi a nan. Matan da suka shekara talatin suna cewa Yaya 'yar baki ce, su ne suka riƙa kama hannunta suna cewa ta yi dace, ta rabauta. Ita dai tana amsawa da amin. Da muka keɓe na tambaye ta ko zuciyarta ta sauka. Ta ce, "Wani dare ta sauka, wani dare in tashi ina jin haushinta kamar yau aka yi. Amma yanzu in na ji haushin, na san wadda nake jin haushi. Da ban san ta ba." Ta kuma ce mini, ba da faɗa ba, da na gaya mata zancen kwanukan tun mijinta yana raye, da ya kawo ta da kansa. Ban sami amsa ba.

Washegarin arba'in muka jawo kwalayen. Kwano 41, wasu tsatsa ta ci bakinsu, samfurin da an daina yayinsa tun zamanin mulkin Acheampong. Yaya ba ta da 'yar da ta rage ba aure, ɗakinta kuma ba wurin jere. Na ce ko a raba wa mabukata. Ta harare ni. Ta aiki yaro kasuwa ya sayo Gana-mas-go guda biyu manya, ta naɗe kowane kwano da tsohuwar jarida, muka kinkima zuwa tasha. Yaron mota ya ɗaga jaka ɗaya ya ji nauyi, ya ce sai ta biya kuɗin kujera biyu. Yaya, wadda ke iya rabin awa tana ciniki a kan albasar sidi ɗaya, ta buɗe bakin zane ta biya, ta zauna a tsakiyarsu, hannu ɗaya a kan kowace jaka.